Kwana Uku a Birnin Alƙahira Tare da Amini

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya shimfiɗa ƙasa Ya hore ta ga bayinSa, Ya sanya hanyoyi a cikinta domin su yi tafiya. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, filin wannan mako zai yi magana ne a kan wata al'ada da ta yawaita a tsakanin ma'aikata da 'yan kasuwa, watau mutum ya sami hutun kwana biyu ko uku, ya nemi amininsa, su nufi wani birni, alhali ba fatauci ya kai su ba, ba jinya ba, ba kuwa neman karatu ba, sai dai kurum su ga gari, su ci abincin mutanensa, su huta, su komo. Jama'a sun rabu biyu game da wannan. Waɗansu suna ganin ɓarnar dukiya ce da lokaci wadda ba ta dace da mai tsoron Allah ba. Waɗansu kuwa sun ɗauka cewa da zarar an bar gida, to, an ajiye dokokin shari'a a bakin zaure, sai an dawo a ɗauka. Dukansu biyu sun kauce wa tsakiyar hanya.

A cikin Suratul Mulk, aya ta 15, Allah Ya ambaci yadda Ya hore wa mutane ƙasa, sa'an nan Ya yi musu izni su yi tafiya a sassanta, su ci daga arzikinSa, kuma a ƙarshen ayar Ya tuna musu cewa zuwa gare Shi za a tashi. Duk wanda ya lura zai ga cewa tafiya da cin abinci da tunawa da hisabi an haɗa su ne a wuri guda. Ashe ke nan yawon ganin gari halal ne, kuma kwanakinsa ana rubuta su a littafin ayyuka kamar yadda ake rubuta sauran kwanaki.

NIYYA DA ADADIN RAKA'O'I

Abin da ya fara hawa kan mai shirin irin wannan tafiya shi ne ya tambayi kansa dalilin fitarsa, domin a mazhabar Imamu Malik niyyar matafiyi tana taɓa har adadin raka'o'in sallarsa. Shehu Halilu ɗan Ishaƙa, mai littafin Muhtasar wanda malaman ƙasar Hausa suka daɗe suna karantarwa a zaurukansu, ya bayyana cewa ƙasaru sunna ce ga matafiyin da ba saɓo ya fitar da shi ba, ba kuma wasa tsantsa ba. Masu sharhi suka ce wanda ya fita domin saɓo, kamar ɗan fashi, bai halatta ya yi ƙasaru ba. Wanda kuwa ya fita domin wasa kawai, kamar mai farautar nishaɗi, makaruhi ne a gare shi. Saboda haka mutum biyu suna iya zama a kujeru biyu na jirgi ɗaya, ɗaya rangwamen Allah ya hau kansa, ɗaya kuwa ya haramta wa kansa shi tun kafin jirgi ya tashi. Wanda ya ƙudurta hutar da jikinsa domin ya ƙara ƙarfin ibada da neman halal, da yin tunani a kan abin da zai gani, da ƙarfafa zumuncin da ke tsakaninsa da ɗan'uwansa Musulmi, to, ya fitar da tafiyarsa daga sahun wasa.

Nisan da ake yin ƙasaru a cikinsa shi ne mil 48, wanda malaman wannan zamani suke ƙiyastawa da kimanin kilomita 80 da 'yan kai. Ana mayar da azahar da la'asar da lisha raka'a bibbiyu, magariba da asuba kuwa suna nan yadda suke. Idan matafiyi ya yi niyyar zaman cikakkun kwana huɗu a wuri, ko abin da zai kai salla 20, to, ya zama mazauni, sai ya cika. Haka kuma idan ya bi limamin gari, sai ya cika tare da shi. Ke nan mai zaman kwana uku yana cikin rangwame har ya koma. Amma fa rangwamen ragin raka'a ne, babu wani malami da ya ce an yafe sallar.

Kafin a sayi tikiti kuma akwai hakkoki da ke gaba da shi. Wanda ake bi bashi kuma lokacin biya ya yi, mai bashi ya fi otel cancantar kuɗinsa. Wanda zai bar iyali, wajibi ne ya bar musu abin da zai ishe su. Wanda ya sami ikon zuwa aikin Hajji bai je ba, bai kamata ya riƙa tsakurar guzurin farilla yana kashewa a yawon ganin gari ba.

ABOKIN TAFIYA

An ruwaito cewa wani mutum ya zo gaban Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah Ya yarda da shi, domin ya wanke wani mai ba da shaida. Sai Umar ya tambaye shi ko maƙwabcinsa ne na kusa, ko sun taɓa yin hulɗar kuɗi, ko sun taɓa yin tafiya tare. Da ya amsa cewa babu ko ɗaya, sai Umar ya sanar da shi cewa bai san mutumin ba. Malaman lugga ma sun ce Larabawa suna kiran tafiya safar ne domin tana yaye lulluɓin halayen mutane. Mutumin da aka shekara ashirin ana gaisawa da shi a ƙofar masallaci, kwana uku a ɗaki ɗaya sun isa a san yadda yake idan ya ji yunwa, da yadda yake idan an cuce shi a ciniki, da abin da yake yi idan ya tabbata babu wanda ya san shi a garin.

Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kwatanta abokin zama na kirki da mai sayar da turaren almiski, wanda ko bai ba ka ba za ka tashi da ƙamshi, ya kuma kwatanta mugun aboki da mai zuga a maƙera, wanda ko bai ƙona maka riga ba za ka tashi da wari. Hausawa suka ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. A gida mutum yana da masu tsare shi da yawa: idon iyaye, da kunyar surukai, da ladanin unguwa. A baƙon birni duk waɗannan sun koma mutum ɗaya, shi ne wanda ke kwance a gadon da ke gefe.

Domin maganar ta fito fili, sai a ƙaddara waɗansu aminai biyu mutanen Kano, ɗaya ɗan kasuwa ne wanda ya riga ya sauke faralinsa, ɗaya kuwa malamin makarantar sakandare ne, tun suna makarantar allo suke tare. Suka sauka Alƙahira, babban birnin Masar, ranar Alhamis da dare, da niyyar su juya ranar Litinin da safe.

RANAR FARKO: MASALLATAI DA KABURBURA

Da yake Juma'a ce, sai suka nufi masallacin Azhar. Juma'a ba ta wajaba a kan matafiyi ba, amma idan ya halarta ta isar masa a maimakon azahar, kuma babu mai hankalin da zai kwana a wannan birni ya bari ta wuce shi. An kafa Alƙahira a shekarar 969, aka fara ginin Azhar a 970, aka yi Juma'ar farko a cikinsa a 972, watau fiye da shekara dubu ke nan ana ruku'u da sujada a wurin, kuma har yau ɗaliban ƙasar Hausa da Barno suna zuwa ɗaukar karatu a jami'arsa. Kudu da nan, a tsohon garin Fusɗaɗ, akwai masallacin Amru ɗan Asi, sahabin da aka buɗe Masar a hannunsa zamanin Sayyidina Umar, kuma shi ne masallaci na farko a ƙasar. Sai dai mai ziyara ya sani cewa masallatai uku kaɗai shari'a ta keɓe da a ɗaura musu sirdi domin falalar salla a cikinsu: na Makka, da na Madina, da na Ƙudus. Sauran ana shigarsu ne a yi salla kamar kowane masallaci, a ga aikin magabata, a yi musu addu'a.

Daga nan suka gangara babbar maƙabartar Ƙarafa, inda Imamu Shafi'i yake kwance tun rasuwarsa a shekara ta 204 bayan Hijira. A wannan maƙabarta aka binne Ibnul Ƙasim da Ashhabu, manyan almajiran Imamu Malik, waɗanda sunayensu ba baƙi ba ne ga duk wanda ya zauna gaban malamin fiƙihu a Kano ko Katsina ko Zariya. Ladabin wurin shi ne a yi musu sallama, a roƙa musu gafara da rahama, a tuna da mutuwa. Biyan bukata kuwa a wurin Allah kaɗai ake nemansa.

Da la'asar sakaliya suka tsaya a wani fili a ƙarƙashin ganuwar da Salahuddin Al'ayyubi ya fara ginawa a 1176, inda manyan masallatai biyu suke fuskantar juna. Na farko shi ne na Sarki Hasan, wanda aka fara a 1356, aka yi masa makarantu huɗu domin mazhabobi huɗu, kuma sarkin ya gina wa kansa ƙasaitaccen hubbare a jikinsa. A shekarar 1361 wani babban hafsansa ya yi masa tawaye, aka kashe shi, ba a kuwa ga gawarsa ba, saboda haka bai kwanta a kabarin da ya tanada ba. Na biyu shi ne masallacin Rifa'i, wanda aka gama a 1912. A cikinsa Sarki Faruku yake kwance, wanda sojoji suka tuɓe a 1952 ya rasu a ƙasar Italiya a 1965, kuma a cikinsa aka binne Sarkin Iran Muhammad Riza Pahlawi, wanda ya bar ƙasarsa a 1979 ya rasu a Alƙahira a 1980. Mai kallo da ido kawai zai ga duwatsun marmara da zane-zane, ya ɗauki hoto ya wuce. Mai kallo da zuciya kuwa zai ga sarki ɗaya da ya gina kabari bai samu shiga ba, da wani da ya mallaki ƙasa guda bai sami taku shida a cikinta ba. Wannan shi ne abin da Suratul Hajji, aya ta 46, ta yi nuni da shi, inda aka zargi masu tafiya a bayan ƙasa ba tare da zukatan da ke hankalta ba, aka kuma bayyana cewa makantar gaske ita ce ta zuciyar da ke cikin ƙirji.

RANA TA BIYU: GIDAJEN FIR'AUNONI

Ranar Asabar da safe suka fara da gidan adana kayan tarihi na Fusɗaɗ, inda a watan Afrilu na 2021 aka mayar da busassun gawarwakin sarakunan Masar na dā guda 22, maza 18 da mata 4, cikinsu har da Ramsis na Biyu. Mutanen da a zamaninsu ba a iya ɗaga ido a dube su, ga su nan kwance a cikin gilashi, yara 'yan makaranta suna zagaya su. Allah Ya ba da labari a Suratu Yunus, aya ta 92, cewa Ya fitar da jikin Fir'aunan da ya yi jayayya da Annabi Musa domin ya zama aya ga na baya. Alƙur'ani bai ambaci sunan wannan Fir'auna ba, saboda haka idan ɗan jagora ya nuna wata gawa ya rantse cewa ita ce, ba a gina imani a kan maganarsa. Wa'azin dai yana nan ko da wace ce.

Akwai ladabi na musamman game da shiga wuraren waɗanda suka yi girman kai ga Allah. A shekara ta 9 bayan Hijira, a kan hanyar Tabuka, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bi ta Hijir, garin Samudawa, sai ya hana sahabbai shiga gidajen waɗanda aka yi wa azaba sai fa suna masu kuka, ya rufe kansa, ya gaggauta tafiya har ya wuce kwarin. Malamai sun fahimci cewa abin da ake nema a irin waɗannan wurare shi ne tsoron Allah da ɗaukar darasi. Shewa da ƙyaƙyata dariya a kan gawa, ko ta wane ne, ba halin mumini ba ne.

Da rana suka haye kogin Nilu zuwa Giza, wurin manyan dalar duwatsu. Babbar cikinsu, ta sarki Khufu, ta kai kimanin shekara 4,500, tsawonta na asali ya kai mita 146, kuma an ƙiyasta duwatsunta sun haura miliyan biyu. Duk wannan aiki kabarin mutum ɗaya ne. Suratur Rum, aya ta 9, ta yi maganar al'ummomin da suka fi na bayansu ƙarfi, suka fi su noma ƙasa da raya ta, amma hakan bai tsare su daga ƙarshensu ba.

A nan ne jarrabawa ta farko ta zo, kuma ba ta zo wa wanda ake zato ba. Malamin makaranta, da yake ma'abocin tarihi ne, sai ya nutse cikin tambayar ɗan jagora yana rubutawa, har rana ta fara yin ja. Ɗan kasuwa ne ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Malam, duwatsun nan sun shekara dubu huɗu suna jira, za su ƙara jiran minti goma. La'asar ce ba za ta jira ba." Malam ya yi salati, suka nemi ruwa, suka shimfiɗa darduma a gefe, suka yi raka'a biyu. Yawancin sallolin da ke salwanta a irin wannan tafiya ba da gangan ake barinsu ba, sha'awar kallo ce take cinye su kaɗan-kaɗan, ana cewa bari a ga wannan tukuna. Maganinta shi ne a tsara yawon yini a kan lokutan salla tun da safe, kowa kuma ya ba ɗan'uwansa izni ya katse shi.

LADUBBAN CIN ABINCI A BAƘON GARI

Alƙur'ani ya kawo labarin baƙi da suka aika ɗayansu cikin birni sayen abinci. Su ne As'habul Kahfi, a aya ta 19 ta surar. Da suka farka daga dogon barcinsu suna jin yunwa, abin da suka yi wa ɗan aiken wasiyya da shi shi ne ya duba abincin da ya fi tsarki, kuma ya bi a hankali cikin mu'amalarsa da mutanen gari. Ba su ce ya nemo mafi arha ko mafi daɗi ba. To, wannan ita ce ƙa'idar matafiyi. A birni irin Alƙahira, inda mafi yawan jama'a Musulmi ne, sha'anin yanka da sauƙi. A biranen da ba haka ba, wajibi ne a tambaya, domin akan sa naman alade ko kitsensa ko giya a cikin girkin da ba a zato, kuma tambaya ba ƙauyanci ba ce.

Bahaushe ba zai sha wuya a teburin Masar ba. Abin karin kumallonsu dafaffen wake ne da suke kira ful, da wani soyayyen abu mai kama da ƙosai da suke kira ɗa'amiyya. Miyar da suke alfahari da ita, mulukiyya, ba wata aba ba ce illa lalo, abin shan da suke kira karkade kuwa zoɓo ne. Akwai kushari, wanda ake haɗa shinkafa da taliya da ƙananan wake da miyar tumatir da soyayyar albasa, akwai kuma 'yan shila da ake cusa wa shinkafa ko alkama. Amma dole a ci karo da abin da harshe bai saba da shi ba, kuma a nan sunna ta yi bayani. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai taɓa kushe abinci ba. In yana so ya ci, in ba ya so ya bari. Da aka kawo masa gasasshen damo sai ya janye hannunsa, aka tambaye shi ko haramun ne, ya ce a'a, sai dai babu shi a ƙasar mutanensa, shi ya sa ransa bai karɓe shi ba, Halidu ɗan Walidu kuwa ya jawo ya ci a gabansa. Saboda haka wanda aka kawo wa abin da bai iya ci ba, ya ture shi cikin mutunci, kada ya yatsina fuska, kada kuma ya hana abokinsa jin daɗin nasa.

Abu na biyu shi ne ƙima. Matafiyi yakan ce ai sau ɗaya ne, sai ya cika tebur da kwanoni bakwai, a ci biyu a zubar da biyar, alhali a bakin ƙofar gidan abincin akwai mai neman abin da zai kai bakinsa. Suratul A'araf, aya ta 31, ta halatta ci da sha ta hana ɓarna a numfashi ɗaya, kuma hadisi ya shiryar da a raba ciki uku, kashi ɗaya na abinci, ɗaya na ruwa, ɗaya na numfashi. Wanda ya cika ciki da dare a baƙon gado, da wuya asuba ta same shi a tsaye.

Abu na uku shi ne kuɗi, wanda ya raba aminai da yawa a kan hanya. Allah Ya ɗauke ƙunci a Suratun Nur, aya ta 61, game da cin abinci a gidan aboki, da ci tare ko a rarrabe, kuma Annabi ya yabi mutanen ƙabilar Ash'ari domin idan guzurinsu ya yi ƙasa sukan tara abin da ke hannunsu wuri ɗaya su raba daidai. Ke nan yin karo-karo a damƙa wa mutum ɗaya ya riƙa biya abu ne mai asali. Amma idan ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi, to, kowanne da nasa ladabin. Mawadaci kada ya ja talaka zuwa wurin da zai ji kunyar aljihunsa, kuma in ya biya kada ya yi gori, ko da wasa. Mai ƙaramin ƙarfi kuwa kada ya mayar da amininsa saniyar tatsa. A lokacin Hijira, da Sayyidina Abubakar ya miƙa wa Annabi ɗaya daga cikin raƙuma biyu da ya tanada, Annabi bai karɓa ba sai da sharaɗin zai biya kuɗinta. Shi kuma Abubakar, a kan hanya, shi ne ya share inuwar dutse ya yi masa shimfiɗa, ya nemo madara wurin wani makiyayi, ya zuba mata ruwa har ta yi sanyi, ya tsaya yana kallo Annabi yana sha har ransa ya yi fari. Ɗaya yana gudun ɗora nauyi, ɗaya yana neman hidimar da zai yi.

Game da kasuwa kuma, mai shiga Khan Halili, tsohuwar kasuwar da ke kusa da Azhar, ya tuna da Mansa Musa, Sarkin Mali, wanda ya sauka Alƙahira a 1324 a kan hanyarsa ta Hajji. Marubutan tarihi sun ce ya kashe zinariya ya yi kyauta da ita har darajarta ta faɗi a garin, amma da ya dawo daga Makka sai da ya ci bashi a hannun fataken Masar kafin ya koma gida. In haka ta sami mai ma'adinan zinariya, ina ga mai albashi?

DAREN ƘARSHE

Ranar Lahadi da yamma ɗan kasuwa ya shigo ɗaki da fara'a ya ce, "Malam, yau daren sallama ne. Na kama mana wuri a babban jirgin ruwan nan da ake cin abinci a cikinsa ana yawo a kan Nilu." Malam ya yi godiya, sa'an nan ya sauka ya tambayi ma'aikacin masauki abin da ake yi a jirgin. Aka gaya masa gaskiya, cewa a wannan jirgin ana kewayawa da giya, kuma akwai mace mai rawa da ke fitowa tsakiyar masu cin abinci.

A nan ne ake gane amini. Da Malam ya yi shiru don kunya ya bi, da ya ci amanar abokinsa, domin hadisi ya hana mai imani da Allah da ranar lahira zama a teburin da ake kewayawa da giya a kansa. Da kuma ya hau shi da faɗa yana jawo ayoyi kamar ya kama ɓarawo, da ya ɓata zumuncin shekara talatin a kan kuskuren da aka yi da kyakkyawar niyya. Abin da ya yi shi ne ya koma ya ce, "Alhaji, na san don ka faranta mini ka yi, Allah Ya saka da alheri. Amma na bincika, wurin nan ba namu ba ne. Jiya kai ka tashe ni a Giza, yau ka bar ni in rama. In kogin ne muke so, ga ƙananan jiragen iska nan da suke kira faluka, mu ɗauki ɗaya mu biyu bayan magariba." Alhaji ya yi jim, domin kuɗin da ya biya ba za su dawo ba, sa'an nan ya ce, "Malam, asarar kuɗi ta fi sauƙi." Suka sayi gasasshen kifi da burodi, suka ci a kan ruwa, suna jin kiran lisha yana tashi daga gaɓa biyu na kogin.

Allah Ya ba da labari a Suratuz Zukhruf, aya ta 67, cewa a ranar ƙiyama masoya za su koma maƙiyan juna, in ban da masu taƙawa. Da yawa daga cikin wannan ƙiyayya a irin wannan dare ake shuka ta, sa'ad da ɗaya ya ce ai babu wanda ya san mu a nan, ɗayan kuma ya ji nauyin ya ce Allah Ya san mu.

KOMAWA GIDA

Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya siffanta tafiya da cewa yanki ce ta azaba, tana hana mutum cinsa da shansa da barcinsa yadda ya saba, ya kuma yi umurni cewa wanda ya gama bukatarsa ya gaggauta komawa ga iyalinsa. Ya kasance idan ya dawo daga tafiya yakan fara da masallaci ya yi raka'a biyu, kuma ya hana mutum ya faɗo wa iyalinsa da dare ba sanarwa bayan doguwar rabuwa. A yau da wayar hannu take aljihun kowa, babu uzuri ga wanda bai sanar ba. Tsaraba kuwa, komai ƙanƙantarta, tana sanyaya zuciyar wanda aka bari da tsaron gida.

Saura amana ɗaya. Abin da mutum ya gani na raunin abokinsa a kwanakin nan, ko minshari ne, ko rowa, ko saurin fushi, ko kuskuren da ya yi ya tuba, ba labarin majalisa ba ne. Haka kuma baza hotunan kwanonin abinci domin maƙwabcin da bai ɗora tukunya ba ya gani, ba ya cikin godiyar ni'ima. Wanda aka tambaye shi labarin tafiya, ya faɗi abin da zai amfani mai sauraro: ya ba da labarin sarkin da bai kwanta a hubbarensa ba, da malaman da suka rasu shekaru fiye da dubu amma har yau ana karanta maganarsu a zaurukan Kano.

Allah Ya sa tafiye-tafiyen Musulmi su zama hujja a gare su ranar gobe, Ya haɗa kowa da abokin da zai tuna masa in ya manta, Ya taimake shi in ya tuna. Allah Ya kai matafiya lafiya, Ya komo da su ga iyalansu lafiya. Amin. Sai kuma mako mai zuwa, in Allah Ya kai rai.